Malamin Firamare Da Haƙƙinsa Na Ritaya

Ran Asabar da ta wuce na ziyarci wani tsohon malamina a unguwar Nasarawo, cikin garin Gombe. Na iske shi a zaure, fayil ɗinsa na neman garatuti a gefe, ya yi baƙi saboda yawon ofisoshi. Shekara 35 ya yi yana riƙe da alli.

Jama'a, ƙungiyar malamai ta NUT, wadda aka kafa tun 1931, ta yi fafitika har aka sa hannu a dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malami daga 60 zuwa 65. Madalla. Amma ƙarin shekara biyar a aji ba ya biyan bashin wanda ya riga ya fita.

Malaman jami'a na ASUU sun yi yajin wata takwas a 2022, ƙasa duka ta ji a jikinta. To, malamin firamare fa, wanda albashinsa ke fitowa daga kuɗin ƙaramar hukuma, idan ya ajiye aiki wane aji zai rufe? Ina roƙon shugabannin NUT na Gombe, duk ranar da suka zauna da gwamnati, su fara da maganar garatutin waɗannan dattawa kafin ta ƙarin girma.