Wa Ke Ƙirga Kwanakin Jira?

Duk watan Oktoba akan ga manyan mata da jami'an lafiya sanye da riguna ruwan hoda suna tattaki, ana ɗaukar hotuna, ana maimaita jumla guda: matan Arewa ba sa zuwa asibiti da wuri. Akan ɗora laifin a kan jahilci, ko kunya, ko mai maganin gargajiya. Akwai gaskiya a ciki. Amma jumlar ta zama mafaka ga masu ilimi, domin tana sauke nauyin gaba ɗaya a kan marar lafiya, ta wanke duk wanda ke karɓar albashi don ya kula da ita.

A ɗauki mace guda a Limancin Kona, cikin birnin Zariya, unguwar da ta yi suna da malamai da karatun nahawu, wadda limaminta ke cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau. Ba za a kira gidanta gidan jahilci ba. Ta ji ƙullutu a nononta tana wanka, ta yi abin da ake ta roƙon mata su yi. Ta nemi izinin maigida, ta haɗa kuɗin mota, ta fita ta Ƙofar Doka, ta ratsa Tudun Wada da Samaru har Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake. Likita ya duba, aka sa allura mai kauri aka ɗebo ɗan tsoka daga ƙullutun, aka ce ta dawo karɓar sakamako. Daga wannan rana, kowace jinkiri ba tata ba ce. Kuma wannan jinkirin ne ba a yi masa tattaki.

Aikin da ake yi wa wannan ɗan tsoka ba sihiri ba ne. Akan jiƙa shi a ruwan fomalin, tsakanin awa 6 zuwa 72, a daskarar da shi cikin kakin, a yanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina, sannan ƙwararren likita ya duba ta madubin ƙara girma. Inda kayan aiki da wuta da ma'aikata suka wadata, aikin kwanaki ne. Idan sankara ce, sauran gwaji na biyu, wanda ke nuna ko ƙwayoyin cutar na da alamun da ake kira ER, PR da HER2. Wannan gwajin ne ke raba mai amfana da tamoxifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi, da mai bukatar trastuzumab, allurar da kan cinye gida da gona. In ba a yi shi ba, likita na harbi ne cikin duhu. Sai dai sinadaransa daga waje ake sayo su da dala, don haka faɗuwar naira kan isa har teburin ɗakin gwaje-gwaje. Ga tafiyar likitoci ƙasashen waje, ga yajin aiki: na likitoci masu neman ƙwarewa a 2021 ya ɗauki kimanin wata biyu. Ƙullutu kuwa ba ya shiga yajin aiki.

Nan ne masu zargin mata suke kuskuren lissafi. A ƙasar Hausa an daɗe ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wato da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Likitanci ya ƙaryata wannan: ɗebo tsoka da allura ba ya haukata sankara. To amma a dubi abin da idon dangi ke gani. An soka allura. An yi shiru makonni. Ƙullutun ya ƙara girma, kamar yadda da ma zai yi ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Sai gwaggo ta ce, “Ai na faɗa muku.” Mai magani kuwa yana kusa, yana da amsa a yau, yana karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan, kuma yana kiranta da sunanta. Jinkirin asibiti shi ke ciyar da camfin, sannan a dawo a zargi mace da yarda da shi.

Abin takaicin shi ne yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne, musamman a jikin ƙananan mata. Mata da yawa suna kwana da tunanin wa zai riƙe musu yara, alhali takardar da za ta ce babu komai tana jiran sa hannu.

Ma'aunin ma ba ɓoyayye ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin yaƙi da sankarar mama mai ginshiƙi uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala binciken gano ta cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Biyu daga cikin ukun aikin hukuma ne tsantsa. A Ingila, ƙa'idar ita ce wanda ake zargin yana da kansa ya san matsayinsa cikin kwana 28, kuma ana wallafa yadda asibitoci suka cika ko suka gaza. A Nijeriya, inda alƙaluman GLOBOCAN na 2022 suka ƙiyasta sababbin masu sankarar mama sama da 32,000 da mutuwar sama da 16,000 a shekara guda, surutun duk ya taru a kan ginshiƙi na farko, wanda shi kaɗai ake iya jinginawa ga mata.

Za a ce gwamnati na ƙoƙari, kuma ba a musu. Akwai Asusun Tallafa wa Masu Kansa da aka fara a 2021 a asibitoci shida, Shika na ciki, sankarar mama na cikin cututtuka ukun da ya ƙunsa. Akwai cibiyar NICRAT. An yi alƙawarin sababbin cibiyoyin gashi. Amma asusun ba ya buɗe wa mace ƙofa sai an tabbatar da cutar a rubuce, na'urar gashi ma ba ta da amfani ga wadda ba ta san abin da ke jikinta ba. Ɗakin gwajin tsoka ba ya jawo gwamna ya yanke ƙyalle, shi ya sa ake tsallake shi a kasafi.

Gida ma yana da nasa kason. Sau da yawa idan sakamakon ya fito, miji ko yayanta ne ke karɓa, su yi shawara a zaure, su ce mata “ciwon sanyi ne” don kada hankalinta ya tashi. Masu digiri ne suka fi iya wannan, domin su ke jin Turancin takardar. Mace ce za a cire wa nono, ita ce gashinta zai zube, amma ita ce ta ƙarshe da za ta ji.

Abin da ya kamata ƙungiyoyin likitoci, 'yan jarida da 'yan majalisar da ke wakiltar Zariya su nema bai kai kuɗin riguna ruwan hoda ba. Kowane asibitin koyarwa ya riƙa wallafa, duk wata uku, matsakaicin kwanakin da ke tsakanin ɗebo tsoka da miƙa sakamako. A rubuta wa mace ranar dawowa a katinta. A ajiye ma'aikaciyar jinya guda mai jin Hausa da waya a hannu, ta kira ita marar lafiyar da kanta idan sakamako ya fito ko ya makara, don kada ta biya kuɗin mota daga cikin ganuwa zuwa Shika sau uku a ce mata ta dawo mako mai zuwa.