Kada Motar Asibitinmu Ta Ƙara wa Mai Karaya Ciwo

'Yan'uwa, gundumomi da dama na ikilisiyarmu sun yi ƙoƙari sun sami motar ɗaukar marasa lafiya. Mun gode wa Ubangiji. Amma in aka buɗe bayan motar, me za a tarar? Sau da yawa benci ne da tabarma kawai. Muna ganin lokaci ya yi da za a gyara wannan, musamman saboda tsofaffinmu masu karaya a kwatangwalo.

Wannan karaya takan auku a saman ƙashin cinya, watau inda ya haɗu da ƙugu. Tsufa yakan sa ƙashi ya yi rauni, tun ba na mata ba, har santsin makewayi ya isa ya karya shi. Alamarta, mutum ya kasa tashi, ƙafar ta gajarce, tafin ya juya waje. Ɗorin gida ba ya kai wa wurin, gama nama ya rufe ƙashin. Aiki ake yi a babban asibiti, irin asibitin ƙashi na Dala a Kano, likitoci kuwa suna so a yi shi cikin awa 48.

To, tsakanin ƙauye da asibiti ne ake ɓarna. A kama tsohuwa hannu da ƙafa a cusa ta a mota, kowane rami aka faɗa karyayyen ƙashin ya goga, ciwo ya ƙaru, jini ya yi ta zuba a ciki. Ga abin da muke roƙo a sa cikin kowace mota.

Na fari, gadon ɗauka mai rabuwa biyu. Akan zura rabi ta dama, rabi ta hagu, a haɗa su a ƙarƙashin majiyyaci ba tare da an ɗaga shi ba. In bai samu ba, kafinta ya yi katako mai faɗi da wurin riƙewa.

Na biyu, katifa, gama katako tsirara yakan jawo wa tsoho gyambo a doguwar tafiya. Akwai wata mai ƙananan ƙwayoyin roba a ciki, wadda in an zuƙe iskarta takan ƙage ta riƙe jiki daidai siffarsa.

Na uku, ɗamara ta ƙirji da ta ƙugu da ta ƙafafu, da ƙarfen da zai riƙe gadon a daɓen mota. Wannan aikin mai walda ne.

Na huɗu, matasai da bargo da ƙyalle masu faɗi. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗaure ƙafafu biyu tare a hankali. Kada a ja ƙafar, kada a yi ƙoƙarin miƙe ta.

Sa'an nan dole a koya wa direba da ma'aikacin ɗakin shan magani yadda ake aiki da kayan, a kuma gargaɗi direba ya bi hanya sannu.

Wani zai ce ina kuɗi? Ban da gadon da katifar nan ta musamman, sauran duk muna iya yi a gida. Zumuntar Mata ta ɗinka matasai da ɗamara, dattawa su keɓe wani kashi na baikon kaka domin abin da sai an saya. Muna roƙon kowane kwamitin lafiya ya buɗe bayan motarsa a taro mai zuwa, ya rubuta abin da babu, kafin damina ta ɓata hanyoyi.