Mu muka raba gidanmu a 2023



Har yau a majalisarmu ta Gumel wasu na cewa maguɗi ne ya kayar da Atiku Abubakar a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023. Ni ɗan PDP ne, amma ban yarda ba. Ɓaraka ce ta ci mu. Kwankwaso ya tafi NNPP, Peter Obi ya koma Labour, Wike da gwamnoni huɗu suka juya baya. A Jigawa tazarar da Tinubu ya ba mu ba ta kai ƙuri'u 40,000 ba, alhali Kwankwaso ya kwashi kusan 100,000.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari na ga dillalan shanun da muka shekara tare a inuwar lemar PDP sun ɗora jar hular Kwankwaso. Wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ban ga jagoran da ya bi su ya ba su haƙuri ba.

Naka,
Mai karatu daga Gumel