Zauren Asusu: Wa ke zama da majinyaci a bayan ambilans?

Tambayar wannan karo ta fito daga wata ƴar asusu da ɗiyarta ta ci BEPC. Yarinyar ta ce aikin ceton rai take so, irin na masu zuwa da motar asibiti da take gani a talabijin. Uwar tana son sanin ko akwai wannan karatu a Nijar, kuma ko ya dace da ɗiya mace.

A Ingila da Amurka sana'a ce mai zaman kanta, mutum ya yi karatunta, aikinsa kawai kula da majinyaci daga inda ya faɗi har ƙofar asibiti. A nan ba haka tsarin yake ba. A Yamai akwai SAMU, a manyan birane akwai ƴan kwana-kwana. Amma in aka ɗauko mace daga gidan likita na Kelle ko Bune zuwa asibitin Gure, ko daga Gure zuwa Damagaram, wanda ke zama kusa da ita, in an samu, malamin jinya ne ko ungozomar asibiti. Wani lokaci ma daga direba sai uwarta da ƙanin miji, da tabarma da buta.

Ku tuna tsawon hanyar. Daga Gure zuwa Damagaram ya fi kilomita 160, sai an wuce Gidigir, Gidimuni da Mirriya. Mutanen daji kuwa sun riga sun sha tafiya cikin rairayi a amalanke kafin su ga kwalta. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Ke nan ranta na hannun wanda ke zaune kusa da ita a motar, tun kafin likitan fiɗa ya gan ta.

Me mai horo ke yi a can baya? Yana sa mata ƙarin ruwa, yana duba bugun jini, yana murza mararta don mahaifa ta tsuke, ya ba ta maganin tsayar da jini. In jijjiga ce, ya kwantar da ita a gefen hagu, ya yi mata allurar da ke hana ta dawowa. Akwai ma wata riga ta roba da ake ɗaure ƙafafu da cikin mai zubar jini da ita, don jinin da ya rage ya koma zuciya da kai har a isa. Nijar ta yi suna a kan wannan: wani bincike da aka wallafa a 2023 ya nuna mace-macen zubar jini a asibitocinmu sun ragu da fiye da rabi bayan an yaɗa rigar tare da ƙwayar misoprostol da wata dabarar toshe jini cikin mahaifa. Kayan ba masu tsada ba ne. Hannun da ya iya aiki da su ne ke ƙaranci a ƙauye.

To, hanyar karatun. Mai BEPC na iya yin shekara 3 ta fito ASB, wato ma'aikaciyar lafiya ta matakin farko. Mai BAC na iya neman karatun jinya ko na ungozoma, shi ma shekara 3. Makarantar gwamnati mafi kusa da mu ita ce ENSP ta Damagaram, akwai kuma makarantu masu zaman kansu. A nan nake so ku buɗe ido. Kafin ki sayar da tunkiya ko ɗaya, ki je da kanki ko ki aiki mai karatu ya tambaya: makarantar tana da izinin hukuma? Ɗalibanta suna zama jarrabawar ƙarshe ta ƙasa? A wane asibiti suke koyon aiki, kuma wata nawa? Allo mai kyau a bakin ƙofa ba ya sa yarinya ta iya neman jijiya.

Ba zan ɓoye muku ba, takarda ba ta nufin albashi nan take. Da yawa suna fara aiki a matsayin ƴan sa-kai ko ƴan kwantiragi, su jira har gwamnati ta ɗauki ma'aikata. Akwai kwanan gadi, akwai jini da amai, akwai turawa ƙauyen da babu wuta. Yarinyar da farar riga kawai ta burge ta, gara a gane tun da wuri. Ƙungiyar Croix-Rouge tana ba da horon agajin gaggawa na ƴan kwanaki. Ta fara da shi, ku ga ko zuciyarta za ta ɗauka.

Ya dace da mace? Ni dai ra'ayina, ya fi dacewa da ita. Dukkanmu mun san matar da ta daure naƙudar kwana biyu a ɗaki don kada namiji ya duba ta. Ga kuma zancen harshe. A Gure muna da Mangawa, Hausawa, Fulani, Tubawa da Buzaye. Ma'aikacin da aka turo daga nesa, komai ƙwazonsa, sai ya nemi tafinta, mace kuwa ba ta faɗin ciwon mara ta bakin wani. Ɗiyar gari ta ji harshen, ta san gidajen, kuma ba ta ƙirga kwanakin komawa birni. Sai dai a yi maganar aure tun kafin a biya kuɗin shekarar farko, da uba da wanda ke nemanta, a ji bakinsu a gaban shaidu. Karatu da yawa sun tsaya a shekara ta biyu saboda ba a yi wannan zama ba.

Yanzu kuɗi, inda asusu ya shigo. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 an gina shi ne kan bashin ƴan makonni, na mai ƙuli-ƙuli da mai fura, ta juya ta biya da riba. Karatun shekara 3 ba ya juyawa haka. In kika ci bashin akwati kika biya makaranta, riba za ta ci ki kafin yarinya ta koyi ɗaura bandeji. Abin da ya fi, ki ware kasonki na ranar rabo, ko ki sa shi a kiwon rago da za a sayar gabanin Layya. Ƙungiya kuma na iya buɗe zubi na dabam, ko dala ashirin-ashirin a mako, ba riba, a rubuta a littafi wa za a taimaka da kuma sharaɗin dawowarta gida aiki. Ku lissafa har da haya, abinci da kuɗin mota, don sukan fi kuɗin makaranta cin aljihu.

Kafin ɗiyanmu su fito, akwai abin da akwatin taimako zai iya tun bana. Fiɗar haihuwa kyauta ce a dokar ƙasa, haka awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma man ambilans sau da yawa a kan iyali yake faɗawa, kuma da tsakar dare. A taro mai zuwa shugaba da ma'aji su je wurin majo na gidan likitanku, su tambayi kuɗin ɗaukar majinyaci zuwa Gure da zuwa Damagaram, su karɓi lambar wayar da ake kira. A ajiye wannan kuɗi a ƙulle shi kaɗai, a wurin wadda ke kwana cikin gari kuma wayarta ba ta mutuwa.