Gyara Kayanka: Darasin Madatsar Bagauda

A kudancin Kano, ƙasar Najeriya, an yi wata madatsar ruwa ta ƙasa, ana ce mata Bagauda. Zamanin Gwamna Audu Bako aka gina ta. Ruwa ya kwanta ya zama babban tabki, har aka yi otel bakinsa. Ran hutu mutanen birni sukan zo shan iska.

Cikin watan Ogusta na 1988 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Madatsar ta ɓalle, ruwa ya kwashe gidaje da gonaki, mutane suka mutu.

Nijar ma tana da barajoji na ƙasa, kamar Mozage da Zango cikin kwarin Maggiya, masu shayar da gonakin Ƙonni. Ba ruwan sama kaɗai ke karya irinsu ba. Saiwar icce, ramin gafiya da turbar shanu duk suna buɗa wa ruwa hanya.

To, mai zuwa wanka ko kamun kifi ya sa ido. In ya ga ruwa mai laka yana tsattsafowa bayan baraji, ya shaida wa maigari da ma'aikatan noma ran nan, kada ya jira gobe. Rigakafi ya fi magani.