O35.3: Lambar da ya kamata wayar mai awon ciki a Beli ta sani

Duk mai riƙe da waya a Najeriya ya san *310#. Tun 2023 da hukumar NCC ta daidaita lambobin kamfanonin waya, ko MTN kake ko Airtel ko Glo, lamba ɗaya za ka danna ka ga kuɗin da ya rage maka. To, cututtuka ma suna da irin wannan lamba ta bai-ɗaya. A ganina, duk manhajar lafiyar da za a kawo ƙananan asibitocinmu na karkara, in ba ta san waɗannan lambobi ba, ado ce kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke da kundin, sunansa ICD. An amince da bugu na 10 a 1990, na 11 kuma ya fara aiki a Janairun 2022. A bugu na 10, O35.3 na nufin kulawar da aka ba mai ciki saboda an gano, ko ana zargin, cewa wata ƙwayar cutar bairos da ta kama ta ta taɓa ɗan tayin. Idan aka haifi jaririn da illar rubella, lambarsa P35.0.

Rubella, wadda wasu ke kira ƙyandar Jamus, ba ta cika kwantar da babba ba: ɗan zazzaɓi da ƙuraje na 'yan kwanaki, shi ke nan. Amma idan ta kama mace a farkon ciki, yiwuwar ta kai ga ɗan tayin na iya kaiwa kashi 90 cikin 100, a haifi yaro da kurumta, ko yanar ido, ko ciwon zuciya. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya gano haka a 1941, bayan ya lura jarirai masu yanar ido sun yi yawa, ya bi tarihin iyayensu mata. A Amurka, annobar 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kusan 20,000 da wannan illa.

Yanzu mu dawo gida. A ce mai cikin wata biyu ta je awo a Beli, cikin ƙaramar hukumar Rogo, da zazzaɓi da ƙuraje. Aka rubuta "zazzaɓi" a rajista, ta sha magani ta warke. Bayan shekara biyu a kai yaron Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya saboda ba ya ji. Wa zai haɗa wannan da wancan zazzaɓin? Katin awon ma wataƙila ya daɗe da yagewa. Yawancin ƙananan asibitocin karkara da rajistar takarda suke aiki, sai ƙarshen wata a tattara jimilla a shigar a manhajar DHIS2. Jimilla kuwa ba ta riƙe labarin mutum ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Kano kuma tana da hukumarta ta KSCHMA. Idan aka tura mara lafiya babban asibiti, takardar neman biyan kuɗi sai ta nuna cutar da aka yi aiki a kanta. In an rubuta "zazzaɓi" kawai, da wace hujja za a biya kuɗin gwajin jini da hoton ciki akai-akai? Ƙarshenta maigida ne zai sayar da buhun masara.

Haka nan a Oktoban 2025 Najeriya ta ƙaddamar da rigakafin ƙyanda da rubella a haɗe, ga yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14. Hanyar da za a san ko ta yi aiki ita ce a ga yawan jariran da ake haifa da illar yana raguwa. Abin da ba a ƙirga ba tun farko, yaya za a san ya ragu?

Wani zai ce asibitin da ke fama da rashin wuta da kayan gwaji, ina shi ina lamba? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, domin lamba ba ta maye gurbin gwajin jini, kuma in aka riƙa cusa ta ba bisa hujja ba don a ci kuɗin inshora, an ɓata bayanan gaba ɗaya. Sai dai O35.3 ta ƙunshi zargi, ba sai an tabbatar ba. Ma'aikaciya na iya rubuta abin da ta gani, ta tura mai cikin gaba, likita ya tabbatar ko ya kore.

Ga masu koyon haɗa manhaja, ga aiki nan. Muna buƙatar manhajar Android mara nauyi, mai aiki ko ba intanet, wadda za a rubuta alamomi da Hausa ta kawo lambobin da suka dace a zaɓa, ta aika bayanan idan sabis ya dawo. Dole kuma ta kasance da makulli, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Sirrin mai ciki ba kayan zauren WhatsApp ba ne.

Kai kuma da ba ka haɗa manhaja, wayarka na da kyamara. Da izinin matarka ko yayarka, ɗauki hoton katin awonta duk lokacin da ta dawo, ka adana. Idan ta yi zazzaɓi da ƙuraje, a kai ta asibiti da wuri, a tambayi sunan cutar da aka rubuta da ranar da aka rubuta ta. Wata rana wannan hoton ne zai gaya wa likitan yara inda zai fara dubawa.