Daga Ɗakin Jinya: Yaron da Aka Sassauta wa Doka

Yau zan ɗan fita da ku daga gida, mu leƙa ƙasar Ostireliya, inda wasan zari-ruga yake da farin jini kamar ƙwallon ƙafa a wajenmu. Akwai nau'insa da ake kira Rugby League: 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, minti 80 ana karo da jiki, ba hular kwano.

Saboda tsananin karon, babbar gasar ƙasar, wato NRL, ta kafa doka cewa sai yaro ya cika shekara 18 kafin ya buga. Amma a 2021 aka ɗaga wa wani yaro ƙafa. Sunansa Joseph Suaalii, an haife shi a watan Agustan 2003. Yana ɗan sakandare manyan ƙungiyoyi suka fara rububinsa, ga tsawo, ga gudu. Ƙungiyar Sydney Roosters ce ta samu sa hannunsa, hukumar gasar kuma ta yarda ya buga yana da shekara 17.

A watan Mayun 2021 ya fara. Wasanni kaɗan ya buga sai ya ji rauni a tsakiyar ƙafa, ya yi zaman jinya har kakar ta ƙare. Ya dawo da ƙarfinsa a 2022, ya shiga sahun fitattun 'yan wasan shekarar, ya kuma buga wa Samoa a gasar cin kofin duniya a Ingila, inda suka kai wasan ƙarshe.

Sai kuma 2024. A wasansa na farko na wakiltar jiharsa, New South Wales, ba a kai minti goma ba ya bugi kan wani matashi, Reece Walsh. Aka kori Suaalii daga fili, shi kuwa Walsh bai koma wasan ba. Ni da na ga hoton, iyayensu mata na tuna, su biyun.

Ba cewa nake raunin ƙafar nan ƙarancin shekaru ne ya jawo shi ba. Manya ma suna jin irinsa. Abin da nake so mu lura shi ne, girman jiki ba ya nufin jiki ya gama ƙwari. Yaro zai iya fin mahaifinsa tsawo alhali ƙashinsa bai gama haɗewa ba, ƙwaƙwalwa kuwa tana ci gaba da ginuwa har bayan shekara 20. Bugun kai kuma ba lallai ya fitar da jini ba, ba lallai yaro ya suma ba. Shi ya sa tun 2023 gasar NRL ta wajabta hutun kwana 11 ga duk wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu.

Suaalii yana da likitocin ƙungiya da dokokin da ke kare shi. Ɗanki da ke buga ƙwallo a filin unguwa fa, wa yake da shi? Ke ce. Idan ya dawo ya ce sun yi karo da ka, kada ya koma fili ranar. Ki sa masa ido. In kika ga amai, ciwon kai da ke ƙaruwa, barcin da ya wuce kima, rikicewar magana ko tafiya yana tangaɗi, asibiti nan take, ba sai gari ya waye ba.

Kada ki kashe masa gwiwa, baiwa daga Allah take. Amma mai horarwa nasara yake nema, abokai tafi suke yi, shi yaron ba zai taɓa cewa ya gaji ba. Dole a samu mai cewa "dakata", ko da zai yi fushi kwana biyu.

Ke kin taɓa hana naki fita wasa saboda rauni? Yaya kuka ƙare?